RA'AYINMU: Keke Mai Inji, Daga Ɗaurawa Zuwa Ƙerawa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga ɗakunan kwana zuwa ɗakunan karatu da sassafe a wannan zango, ba zai rasa jin wata irin ƙara ba, wadda ta ɗebo kamannin ta babur ta kuma ɗebo na injin niƙa. In ya waiwaya sai ya ga ashe keke ne, irin mai kaurin tayan nan da Turawa suka ƙera don hawan duwatsu, an ɗaura masa ɗan ƙaramin injin fetur a tsakiyar firam, an ɗora tanki a bisa, mai shi yana zaune daram a kan sirdi ƙafafunsa ba sa motsi, hayaƙi na bin sa a baya. Da fari guda ɗaya ne, ana kallonsa ana dariya. Yanzu sun fara yawa, har wasu ƙananan ma'aikata da ke zuwa karatun yamma daga cikin gari sun shiga tambayar inda ake sayar da injin, da wanda ya iya ɗaura shi.

Kamar yadda aka saba, jama'a ta rabu biyu a kan al'amarin. Wasu na ta yabo, suna cewa ga fasaha ta zo, ga 'ya'yan talakawa sun ƙera abin hawa da hannunsu. Wasu kuwa, musamman tun ranar da wani ɗan'uwanmu ya faɗi a gangaren da ke kusa da ƙofar shiga ya karye a hannu, sun ce a hana abin shiga harabar jami'a baki ɗaya. Wannan mujalla ba ta tare da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu. Ra'ayinmu shi ne, abin da ake yi yanzu ɗauri ne, bai kai ƙira ba tukuna, kuma yadda ake yin sa da garaje yana iya cin rai. Amma in aka bi da shi ta hanyar ilmi, shi ne matakin farko na tsanin da wasu ƙasashe suka taka suka hau. Aikin Ƙungiyar Ɗalibai da hukumar jami'a shi ne su riƙe wa masu hawa tsanin nan.

Bari mu fara da dalili, don ba son burga ne ya kawo wannan abu ba. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi ta, kuɗin keke-napep ya bi ta, farashin sabon babur kuwa ya yi wa ɗalibi da ƙaramin akawu nisa kamar sama da ƙasa. Ɗalibin da ke zaune a cikin gari, ko ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a kuɗin zuwa ofis tun wata bai raba ba, in aka ce masa ga abin da zai kai shi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya, in man ya ƙare kuma ya taka feda ya isa gida, to, ba mai ganin laifinsa in ya saurara. Bukatar gaskiya ce, kuma duk hukumar da ta ce za ta hana abin ba tare da ta dubi bukatar ba, ta san dai ba ta magance kome ba.

To, mene ne a cikin kwalin da ake saye? Galibi daga ƙasar Sin yake zuwa. A ciki akwai inji mai fistin ɗaya, mai girman si-si 48 ko 66, ko da yake 'yan kasuwa sun fi son su rubuta 80 a jikin kwalin na biyun. Akwai tanki mai cin kamar lita 2, da kafireto, da fulogi da ɗan akwatin da ke ba shi wuta, da salansa, da totur, da hannun kuloci, da sarƙa mai kauri, da wani faranti mai haƙora, yawanci 44, wanda ake ɗaurawa a ƙafar baya ta gefen hagu. Nauyin kayan duka ya kai kilo 10 ko kusa da haka. Ana ɗaure injin a cikin kusurwar firam, a bisa inda feda take, sarƙarsa ta tafi hagu, sarƙar feda kuma tana nan a dama yadda take. Ba shi da makulli ko abin bugawa da ƙafa. Mai shi zai riƙe kuloci, ya taka feda har keken ya ɗauki gudu, sa'an nan ya saki, sai ƙafar baya ta juya injin ya tashi.

Injin irin mai bugu biyu ne, watau duk hawa da saukar fistin sau ɗaya wuta ke tashi sau ɗaya. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai daban, saboda haka dole a gauraya man da fetur tun a galan kafin a zuba a tanki. Yayin da injin yake sabo akan sa man da yawa, kamar kashi 1 cikin 16 ko 20, in ya saba kuma a koma kashi 1 cikin 25 ko 32. Kashi 1 cikin 25 shi ne mililita 40 a kowace lita. Wanda ya manta ya zuba fetur zalla, kafin ya yi nisa fistin zai yi zafi ya liƙe, injin ya tashi daga aiki. Ƙarfinsa bai wuce na doki 2 zuwa 3 ba a ma'aunin injiniyoyi, amma wannan ya isa ya tura keke da mutum gudun kilomita 40 zuwa 50 a sa'a a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Mai sifana da haƙuri yana iya gama ɗaurin duka a yini ɗaya, kuma a nan ne haɗarin yake, don abin da aka gama a yini ɗaya ba kasafai ake tsayawa a yi masa lissafi ba.

Ga lissafin, kuma kowane ɗan aji huɗu na sakandare ya san shi. Ƙarfin da ke tattare da abu mai gudu yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa. Keken da ke tafiyar kilomita 20 a sa'a, in aka mai da shi 40, aikin da birki zai yi kafin ya tsaya ya ninka sau huɗu, haka ma nisan da zai ci kafin ya tsaya. Wanda ya saba tafiyar kilomita 15 da ƙafarsa, ya koma 45 da inji, ya ɗora wa birkinsa aiki ninki tara, ga ƙarin nauyin inji da mai. Birkin kuwa shi ne dai 'yan robobin nan biyu da ke matse bakin ƙafa, waɗanda ko yayyafi aka yi sai su riƙa sulɓi. Daɗin daɗawa, hannun kuloci yana cin gurbin birkin hagu, har mun ga wasu sun cire birki ɗaya gaba ɗaya don su sami wurin sa shi. Wanda ya yi haka ya sayi gudu da kuɗin tsayawa, kuma ranar biyan bashin tana nan tafe.

Tarihin keken hawan dutsen kansa ya isa ya zama gargaɗi. An ƙirƙiro shi ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu samari a shekarun 1970 suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. Cikin 1976 suka fara tsere a wani gangare mai zurfin kusan mita 400 cikin tafiyar da ta ɗan haura kilomita 3. Birkin kekunan a cikin cibiyar ƙafar baya yake, kuma saboda tsananin zafi maiƙon da ke ciki yakan ƙone ya zama hayaƙi, sai an sake cusa wani bayan an sauko. Daga wannan sake cusawa tseren ya sami sunansa, Repack. Samarin ba su ce a ci gaba a haka ba. Sun aro hannun birki na babur, sun nemo birki mai ƙarfi, cikin 1977 kuma Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan aiki, kafin kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa cikin 1981. Watau mutanen da suka haifi wannan keke, matsalar tsayawa suka fara warwarewa. Mu kuwa mun ɗauki kekensu, sau da yawa ma na gwanjo ko kwaikwayonsa mai arha, mun ƙara masa gudu mun bar birkin yadda muka same shi.

Ba birki kaɗai ba ne. Farantin nan mai haƙora, a yadda yake zuwa a kwali, da robobi da notuna ake matse shi a jikin wayoyin ƙafar baya. Wayoyin nan sirara ne, an yi su don ɗaukar nauyin mutum, ba don jan inji ba, shi ya sa sukan saki ko su tsinke ɗaya bayan ɗaya. In farantin bai zauna daidai tsakiya ba, sarƙa za ta riƙa tsananta tana saki a kowane juyi har ta zame. Akwai kuma ɗan gargaren da ke ɗame sarƙar, wanda maƙale shi kawai ake yi a ƙarfen firam. In girgiza ta kwance shi ya karkata ya shiga cikin wayoyin ƙafa, ƙafar baya za ta tsaya cak ana cikin gudu. Haka ƙarfen da ke kare taɓo a bisa tayar gaba, in ƙusarsa ta karye ya faɗa kan taya, mai keke ta kansa zai sauka. Ita kuwa girgizar injin mai fistin ɗaya ba ta barin noti ya zauna lafiya, kuma a hankali tana tsaga firam, musamman na alminiyam, da wanda wani ya huda don ya sami wurin sa ƙusa.

Saboda haka, ga ɗan'uwan da ya riga ya ƙudura sai ya ɗaura, muna roƙonsa ya kiyaye waɗannan. Ya nemi firam na baƙin ƙarfe mai buɗaɗɗiyar kusurwa, ya guji mai abin lotsawa a tsakiya, don injin ba ya zama a cikinsa, kuma kada ya huda firam ko kaɗan. Ya fara kashe kuɗi a kan birki kafin inji, gaba da baya, na faranti in da hali, in kuma wuri ya yi ƙaranci a sa hannu ɗaya mai jan birki biyu. Ya sa wa ƙafar baya wayoyi masu kauri. Ya canza notunan da suka zo a kwali da masu inganci, ya riƙa bin su da sifana kafin kowace fita. Ya tabbata maɓallin kashe inji yana aiki. Ya riƙa wanke matatar iska a kai a kai, balle da hunturu, don ƙura in ta shiga silinda aikin gurza take yi. Ya sa fitila gaba da baya, ya sa hular kwano, kada kuma ya goya kowa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma duk waɗannan tare ba su kai kuɗin ɗori da asarar zango guda ba.

Yanzu sai mu juya ga masu cewa a hana, mu ba su labarin wani mutum. Soichiro Honda an haife shi cikin 1906 a ƙasar Japan, ubansa maƙeri ne mai gyaran kekuna. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon aikin gareji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasarsa ta zama kufai, ba mai, ba motoci, jiragen ƙasa a cushe. Cikin 1946, a garin Hamamatsu, ya ci karo da ƙananan injuna waɗanda sojojin Japan suka yi amfani da su wajen ba wa rediyonsu wuta, yaƙi ya ƙare an yar da su. Ya saye su, kimanin 500, ya riƙa gyarawa yana ɗaura wa kekuna. Tankin farko da ya sa, gorar ruwan zafi ce irin wadda ake ɗumama shimfiɗa da ita. Matarsa ce ta gwada masa ɗaya a titi, ta dawo tufafinta duk sun ɓaci da mai, wannan ya sa ya koma ya gyara kafireton. Mutanen gari suka sa wa abin suna saboda ƙararsa, kamar dai yadda muke yi wa namu dariya a yau.

Abin lura shi ne abin da ya yi da injunan nan 500 suka ƙare. Bai zauna jiran wani kwali ya iso daga wata ƙasa ba. Cikin 1947 ya fito da injin da shi da mutanensa suka zana suka ƙera, cikin 1948 ya kafa kamfanin Honda, cikin 1949 ya ƙera cikakken babur da firam ɗinsa, cikin 1958 kuma ya fito da Super Cub, wanda ya zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Ba shi kaɗai ba ne. Kamfanin Suzuki injunan saƙa yake yi, ya shiga harkar abin hawa mai ƙafa biyu cikin 1952 da ɗan inji mai si-si 36 da ake ɗaura wa keke. Ducati na Italiya kayan rediyo yake yi, aka ragargaza masana'antarsa da bam cikin 1944, ya farfaɗo cikin 1946 da ɗan inji mai si-si 48 na ɗaurawa a keke, mai suna Cucciolo, watau ɗan kwikwiyo. A Faransa kuma, VéloSoleX, keke mai inji a bisa tayar gaba, an ƙera shi daga 1946 zuwa 1988, sama da guda miliyan 7. Duk ƙasashen nan talauci da tsadar mai ne suka tura su ga keke mai inji, daidai da mu. Da hukumomin Hamamatsu sun kori Honda daga titi saboda ƙara da hayaƙi, da wataƙila ba mu san sunansa ba.

Akwai wani ɓangare na labarin Honda wanda ya fi shafarmu mu 'yan jami'a. Tun kafin yaƙi, wajen 1937, ya shiga ƙera zoben fistin, yana taƙama da gwanintar hannunsa, amma zobban suka riƙa fitowa ba inganci. Sai da ya sauke girman kai ya tafi makarantar koyon fasaha ta Hamamatsu, aka auna ƙarfen aka gaya masa sinadarin silikon ne ya yi ƙaranci. Ya shiga aji yana babba, ya zauna tare da yara. Ko bayan haka, da ya kai wa kamfanin Toyota zobba 50 don gwaji, 3 kaɗai suka tsallake, ya sake komawa neman ilmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwanin gareji ya bukaci ɗakin gwaji, kuma ilmin ɗakin gwajin bai zama babur ba sai da ya shiga hannun gwanin gareji.

Mu fa, ina muka tsaya? Iyayenmu sun san zamanin da keken Raleigh yake abin alfaharin malamin makaranta da akawun En'e, har akwai masana'antar harhaɗa shi a Kano. Da aka biya kuɗin Udoji cikin 1975, ma'aikata suka jingine kekuna suka hau babura da motoci, keke ya koma abin hawan wanda bai samu ba. Rainin ya yi zurfi har cikin 2001, da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira a koma hawan keke, dariya aka yi ta yi masa, balle da mota ta ture shi a Abuja yana kan nasa. A shekarun arzikin mai an kafa masana'antu: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas cikin 1975, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Honda kansa ya kafa reshe a Ota cikin 1979. Amma yawancin aikin harhaɗawa ne, kaya su zo a akwati a ɗaure su a nan. Da darajar Naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, akwatunan suka yi tsada, da yawa daga masana'antun suka yi shiru. Aikin ƙarfe na Ajaokuta da aka ƙulla cikin 1979 har yau bai kammala ba. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka soma cikin 1982 ya zo da alkawarin koya wa yara aikin hannu, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa sun yi tsatsa a cikin akwatunansu don ba wuta, ba malamai.

Wannan ne ya sa ba mu shiga sahun masu tafi ba. Ɗalibin da ya sayi kwali daga Sin ya ɗaura wa keken da aka ƙera a wata ƙasa, abin da manyan masana'antunmu suka yi shekara da shekaru shi ya maimaita a ƙarami. Ranar da kwalin ya yi tsada ko ya daina zuwa, ranar fasahar tasa ta ƙare. Kayan aro ba ya rufe katara. Ba muna raina ƙoƙarinsa ba ne, don ya fi wanda bai taɓa riƙe sifana ba, kuma a cikinmu akwai masu karatun injiniya da za su karɓi digiri ba su taɓa buɗe kafireto ba. Abin da muke cewa shi ne kada a kira mafarin tafiya ƙarshenta. In aka yi wa ɗauri kirarin ƙira, an rufe wa mai shi ƙofar ci gaba, don ya ɗauka ya iso.

Alhali kuwa muna da abin da ake bukata. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna zai ga masu narka alminiyam suna zuba tukwane, da masu walda, da masu sassaƙa ƙarfe da inji, suna ƙera injin niƙa da kayan gyaran mota. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ma ta haɗa gwiwa da su don ba su horo da takardar shaida. Kowane babban gari a ƙasar nan yana da irin wannan unguwa. Abin da ya raba su da mu katanga ce ta raini: mu muna ganin su jahilai masu dauɗar hannu, su kuma suna ganin mu masu Turanci da ba su iya ɗaura noti ba. Kowannenmu yana da rabin gaskiya, kuma yana riƙe da rabin abin da ɗayan ya rasa.

Ba mu musun hujjar masu son a hana. Inji mai bugu biyu yana ƙona mai tare da fetur, yana fitar da wani ba tare da ya ƙone ba, hayaƙinsa ya fi na babur mai bugu huɗu illa, ƙararsa kuma tana hana karatu. Wasu ƙasashe sun ɗauki tsauraran matakai. A Ingila, keken da aka sa wa injin fetur doka na ɗaukarsa ƙaramin babur ne, sai da rajista, da lamba, da inshora, da lasin, da hular kwano. Jihar New South Wales ta Ostareliya kuwa ta hana shi hawa titi gaba ɗaya tun 2014. Amma waɗannan wurare ne masu jiragen ƙasa da bas-bas da za su kai talaka inda yake so. Mun kuma ga yadda doka ke ƙarewa a nan in ba a shirya mata ba. A watan Janairu na 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙoƙo da robar fenti a ka. Hani kawai zai mai da kekunan nan bayan katangar jami'a, kan babban titi tsakanin tireloli, inda ba mai duba birkinsu. Masu cewa a jira keke mai batir kuma, muna tare da su cewa nan duniya ta dosa, sai dai shi ma a kwali yake zuwa, kuma firam da birki da ƙafar da za mu koyi ƙerawa yau su ne za su ɗauki batirin gobe.

Don haka muna gabatar da shawarwari huɗu. Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi hukumar jami'a ta yi rajistar kowane keke mai inji, a kai shi Sashen Injiniya a duba birki, da ƙafafu, da ɗaurin inji, da salansa, a farkon kowane zango, wanda ya tsallake a liƙa masa shaida, wanda ya faɗi a nuna masa abin da zai gyara. Na biyu, a ƙayyade gudu a cikin haraba, a wajabta hular kwano, a hana goyo, a kuma wajabta kashe inji a taka feda a kusa da laburare, da asibiti, da wuraren ibada, da ɗakunan kwana da dare. Wannan abu ne mai sauƙi, tun da keken yana tafiya ba inji. Na uku, a buɗe ɗakin aikin ƙarfe na jami'a ranar Asabar ga duk ɗalibin da ke so, ko daga wane sashe yake, a gayyato ƙwararrun masu walda da kanikawa daga cikin gari su koyar, a biya su, a kuma kira su malamai, don malamai ne.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, malaman injiniya su mai da wannan keke aikin kammala digiri, a bi shi gaɓa gaɓa, kowace shekara a cire abu ɗaya daga kwali a maye gurbinsa da namu. A fara da maƙalin da zai ɗaure farantin haƙora a cibiyar ƙafa maimakon wayoyi, wanda kowane mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya yi in an ba shi zane da awo. Sai abin ɗame sarƙa da ba ya karkacewa, sai mazaunin inji mai rage girgiza, sai salansa mai rage ƙara, sai matatar iska da ta dace da ƙurar hunturu, sai firam da aka zana tun farko don ɗaukar inji. Daga nan a gwada zuba silinda da fistin. Za a yi ta faɗuwa, kamar yadda zobba 47 na Honda suka faɗi, amma kowace faɗuwa za a auna ta a rubuta dalilinta, 'yan ajin baya su ɗora daga nan. Wannan ya fi tarin kundayen da ke cin ƙura a kabad, waɗanda ba mai buɗe su bayan an ba da maki.

Ga 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata kuma, ku ne gobe za ku zauna a kujerun da ake yanke shawarar abin da gwamnati za ta saya da abin da za ta hana. In wata rana takarda ta zo gabanku daga wani matashi mai neman a gwada abin da ya ƙera, ku tuna da kekunan nan, ku aika a auna abin kafin ku rufe fayil.

Muna yi wa ɗan'uwanmu da ya karye addu'ar samun sauƙi. Muna kuma fata in ya warke, shi za a fara ba wa sifana a ɗakin aikin ranar Asabar, don a yanzu ba wanda ya fi shi sanin muhimmancin birki. Ƙungiya ta ɗauki maganar nan zuwa zaman majalisarta na gaba, mu kuma za mu kawo wa masu karatu abin da aka yanke a fitowa ta gaba. Allah Ya kiyaye mu a hanya, Ya sa mu dace.

Edita